Zabura 91 a bakin Iblis, Zabura 22 a bakin Yesu

Duk wanda ya saba shiga trotro, wato motar haya, daga unguwar Nima zuwa shataletalen Circle a Accra, babban birnin Ghana, ya san wannan lamba. Ka ɗaga kai, ga ta manne a gilashin gaba kusa da madubin direba: 91, wato Zabura 91. Wani direban ma da fenti yake sa a rubuta masa a bayan mota. Haka take a rumfunan kasuwar Makola, haka a ƙofar ɗakunan haya. A ƙasar da ƙidayar 2021 ta nuna kashi 71 cikin ɗari na mutanenta Kirista ne, ban ga wata sura ta Littafi Mai Tsarki da ta kai wannan yawo a titi ba, sai dai ko Zabura 23.

A 'yar majami'armu ta masu jin Hausa, inda mutanen Bawku da na Bolga da baƙi daga Najeriya da Nijar suke haɗuwa, akwai wata tsohuwa mai sayar da koko da ƙosai. Kowa Mma yake ce mata. Ba ta iya karatu ba, amma Littafinta kullum a buɗe yake a Zabura 91 ƙarƙashin matashinta. Shafin ya yi baƙi-baƙi da man ƙosai da gumin hannu, gefensa ya yage ta liƙe shi da salatif. Ta haddace surar tun daga farko har ƙarshe, don 'ya'yanta sun yi ta karanta mata shekara da shekaru.

Ran Laraba 3 ga Yuni 2015 aka yi ruwan da mutanen Accra ba za su manta ba. Kogin Odaw ya cika ya tumbatsa, jama'a suka fake a wani gidan mai a Circle, fetur ya malala a kan ruwa, wuta ta kama. Fiye da mutum 150 suka rasu. Da muka taru nazarin Littafi bayan haka, ina tsaye a gaba, Mma ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, ina da tambaya. Duk mutanen nan da wuta ta ci, ba ko ɗaya a cikinsu da ke karanta tis'in da ɗaya?"

Ɗakin ya yi tsit. Amsar da na ba ta a ranar ba ta ƙosar da ni ba, balle ita. Tun daga lokacin nake bin tambayar, kuma ita ce ta kai ni ga wurare biyu a Linjila inda Zabura ta fito a daidai wannan gaɓa.

Sai mu fara da abin da surar ta ce, don Mma ba ta yi kuskuren ji ba. Zabura 91 ta yi alkawura manya. Wanda ya zauna a maɓoyar Maɗaukaki zai tsira daga tarkon maharbi da muguwar annoba. Ba zai ji tsoron razanar dare ba, ko kibiyar da ke tashi da rana. Dubu za su faɗi a gefensa, dubu goma a damansa, amma abin ba zai kusance shi ba. Allah zai umarci mala'ikunsa su kiyaye shi, su tallafe shi a hannuwansu don kada ya yi tuntuɓe da dutse. Zai tattake zaki da maciji. Wa zai ji wannan bai so ya sa a ƙarƙashin matashi ba?

Kuma ba mu ne muka fara ba. Malaman Yahudawa na dā suna kiranta waƙar kariya daga annoba da miyagun ruhohi. A cikin tsofaffin naɗaɗɗun littattafan da aka tono a kogo na 11 a Kumran, kusa da Tekun Gishiri, a 1956, an sami wannan Zabura a jere da addu'o'in korar aljanu. A ƙarni na shida Benedik, wani shugaban sufayen Kirista, ya sa sufayensa su riƙa rera ta kowane dare kafin su kwanta. Saboda haka wanda ya karanta ta da dare a ɗakinsa a unguwar Maamobi, yana jin ruwa na dukan kwano yana tunanin babban kwatar da ke bayan gida, yana cikin ayari mai tsawo na masu bi. Ba na raina shi, ni ma ina yi.

To amma wa ya fara jawo wannan Zabura a cikin Linjila? Iblis ne. Wannan yana Matiyu sura 4 da Luka sura 4. An yi wa Yesu baftisma a Kogin Urdun, murya ta zo daga sama ta ce shi ne Ɗa ƙaunatacce, sai Ruhu ya kai shi jeji ya yi azumin kwana arba'in. Iblis ya zo da gwaji uku. A biyu daga ciki ya yi amfani da yunwa da kwaɗayin mulki, Yesu ya mayar masa da Nassi. A ɗayan kuwa, wanda Matiyu ya sa na biyu, Luka ya sa na ƙarshe, sai shi ma ya ɗauko Nassi. Ya kai Yesu Urushalima, ya tsayar da shi a tsororuwar Haikali, ya ce in shi Ɗan Allah ne ya dira ƙasa, ai a rubuce yake mala'iku za su tallafe shi. Aya ta 11 da ta 12 ce ta Zabura 91 ya karanta masa.

Masu sharhi sun daɗe da lura da abubuwa biyu a karatun nasa. Ya tsallake 'yan kalmomin da suka ce "a dukan hanyoyinka", wato a tafiyar da mutum yake yi ta halal, a kan hanyar da Allah ya ɗora shi. Dirowa daga saman Haikali don jama'a su yi tafi ba ta cikin waɗannan hanyoyi. Sannan ya tsaya daidai kafin aya ta 13, wadda ta yi maganar tattake maciji, kuma an san dalilin da zai sa ya ƙi isa can, tunda shi ake kwatantawa da maciji a Littafi Mai Tsarki. Amma Yesu bai tsaya yi masa gyaran karatu ba. Ya amsa da Maimaitawar Shari'a 6:16, kada ka gwada Ubangiji Allahnka.

Wannan ayar tana da tarihi. Tana nuni ga abin da ya faru a Masaha, a Fitowa sura 17, inda Isra'ilawa suka rasa ruwan sha a jeji suka ce, shin Ubangiji yana tare da mu ko ba ya tare da mu? Mutanen da suka ga an raba musu teku, suna cin manna kowace safiya, su ne suka gindaya wa Allah sharaɗi: ka yi mana kaza yanzu-yanzu, in ba haka ba mun san ba ka nan. Abin da Iblis ya nema ke nan daga Yesu, ya mai da alkawari ya zama igiyar da zai ja Allah da ita.

A nan ne bambancin addu'a da laya yake fitowa. Mu mutanen zango mun san laya. An ɗinke ta da fata, an rataya a wuya ko a damtse, kuma abin da ake so da ita shi ne ta yi aiki ko mai ita yana barci, ko yana kan gaskiya ko yana kan ɓarna. Ba ruwanta da zuciyarsa. Addu'a kuwa magana ce da wani mai ji, mai nasa nufi, wanda zai iya cewa i, ya iya cewa a'a, ya iya cewa dakata. Zabura 91 kanta ta nuna wanne ne a cikin biyun, don a aya ta 2 mai waƙar ya ce wa Ubangiji "Allahna, wanda nake dogara gare shi", a aya ta 14 kuma Allah ya ce "saboda yana ƙaunata". Dangantaka ce tun daga tushe. Direban da ya san birkinsa ya lalace, ya cika mota maƙil ya ɗauki hanyar Kumasi a guje don yana da 91 a gilashi, yana tsaye a saman Haikalin nan ne, kuma rayukan mutane ne zai diro da su. Iyayenmu da suke cewa Allah ya ce tashi in taimake ka sun fi shi fahimtar surar.

Sai dai duk wannan bai amsa wa Mma ba. Mutanen Circle ba su gwada Allah ba, ruwa suka fake wa. Abin da ya fi hankali suka yi. Akwai masu wa'azi da za su ce bangaskiyarsu ce ta yi kaɗan, ko akwai zunubin da suka ɓoye, ko ba su shuka iri a hannun bawan Allah ba, wato ba su ba mai wa'azi kuɗi ba. Wannan magana tana ƙona mini rai, kuma Yesu da bakinsa ya rufe ƙofarta. A Luka 13 ya ambaci mutum 18 da hasumiyar Siluwam ta faɗo ta kashe, ya tambayi masu sauraronsa ko suna tsammanin waɗannan sun fi sauran mutanen Urushalima laifi. Ya ce a'a, ko kaɗan. Ya juya maganar kan masu rai, su tuba. In akwai abin bincike game da daren nan, yana wajen kwatocin da muka toshe da shara da gine-ginen da aka dasa a hanyar ruwa, ba a zukatan waɗanda suka mutu ba.

Cikakkiyar amsar tana can gaba, a Golgota, inda aka gicciye Yesu. Luka ya ce da Iblis ya gama gwajinsa ya rabu da Yesu zuwa wani lokaci. Ka buɗe Matiyu 27:40 ka ji masu wucewa a gindin gicciye: in kai Ɗan Allah ne, sauko. Kalmomin jeji ne suka dawo, kusan harafi da harafi. Can an ce dira daga Haikali, nan an ce sauko daga gicciye. A daren da ya gabata a Getsamani Yesu ya gaya wa almajirin da ya zare takobi cewa da ya roƙi Ubansa da an aiko masa da rundunar mala'iku fiye da goma sha biyu. Wato mala'ikun Zabura 91 suna nan, bai musanta su ba. Bai kira su ba ne.

Zaburar da ya kira wata ce daban. Wajen ƙarfe uku na yamma, bayan duhun sa'a uku, ya ɗaga murya da harshensa na gida, Aramiyanci, wanda Markus 15:34 ya ajiye mana yadda ya fito: "Eloi, Eloi, lama sabaktani?" Wasu da ke tsaye suka ɗauka Iliya yake kira. Layin farko ne na Zabura 22. A Littafi Mai Tsarki na Hausa, wanda aka fara buga shi cikakke a 1932, kalmar da muke karantawa a yau mai nauyi ce: "Ya Allahna, ya Allahna, don me ka yashe ni?" Bahaushe ya san abin da ake yasarwa. Tsumma ake yasarwa, da fasasshen ƙoƙo.

Akwai wani tela maƙwabcina, dattijo Musulmi mai ilimi, muna yawan zama a bencin ƙofar shagonsa bayan la'asar. Ya taɓa ce mini, "Ɗana, ku kun ce shi Ɗan Allah ne. To yaya Ɗan Allah zai ce Allah ya yashe shi?" Na ce, "Baba, tambayar nan mu ma muna yi wa kanmu." Shi ya san Zabura littafin Annabi Dauda ce, Alƙur'ani ya ambace ta da suna. Na kuma san a wurinsa, bisa Suratun Nisa'i aya ta 157, ba a gicciye Annabi Isa ba sam. A nan muka rabu hanya, kowa ya san da haka, kuma bai hana mu shan shayi a kofi ɗaya ba. Abin da zan faɗa koyarwar Kirista ce yadda na fahimce ta.

Masanan Kirista suna da bayani iri biyu. Na farko ya ce kukan na gaske ne har ƙasan zuciya. Yesu yana ɗauke da zunubin duniya, kamar yadda Bulus ya ce a 2 Korantiyawa 5:21 an mai da wanda bai san zunubi ba ya zama zunubi dominmu, don haka ya ɗanɗani nisan da zunubi ke sa wa tsakanin mutum da Allah. Na biyu ya ce a zamanin nan babu lambobin sura da aya yadda muke da su, Bayahude in zai nuna wata Zabura layinta na farko yake faɗa, kamar yadda in ka ce wa ɗan makarantar allo "Ƙul huwa" ya san surar da kake nufi gaba ɗayanta. Saboda haka Yesu dukan Zabura 22 yake nufi, har ƙarshenta.

Ni ban ga dalilin da zai sa a zaɓi ɗaya a jefar da ɗaya ba. Mutumin da ke mutuwa a kan itace ba darasi yake bayarwa ba, azaba ce ta matso kalmomin daga bakinsa. Amma abin da azabar ta matso shi ne abin da ke cikinsa tun ƙuruciya, kuma ko a tsakiyar kukan sau biyu ya ce "Allahna". Bai saki ba.

Ka karanta Zaburar a hankali ka ga yadda marubutan Linjila suka ga ranar Juma'ar nan a cikinta. Aya ta 7 da ta 8, masu kallo suna kaɗa kai suna ba'a, suna cewa ya dogara ga Ubangiji, to ya cece shi mana. Ga shi nan a Matiyu 27:39 da 43. Aya ta 15, harshe ya manne wa dasashi don ƙishi. Aya ta 18, sun raba tufafinsa sun jefa ƙuri'a a kan rigarsa. Yahaya 19:24 ya kawo ta kai tsaye, ya ma bayyana cewa rigar ba ta da ɗinki shi ya sa sojojin suka ƙi yaga ta. Akwai aya ta 16 da masu wa'azi ke so ƙwarai, mai maganar huda hannuwa da ƙafafu. Gaskiya ita ce tsofaffin kwafe-kwafe sun sha bamban a wurin: tsohuwar fassarar Helenanci ta tafi a kan hudawa, yawancin kwafen Ibrananci kuma suna cewa "kamar zaki". Linjila ba ta jawo wannan ayar kai tsaye ba, don haka ba sai mun ɗora mata nauyin da manzanni ba su ɗora mata ba.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne Zaburar ta juya. Daga aya ta 22 mai kukan ya koma mai yabo, yana cewa zai sanar da sunan Allah ga 'yan'uwansa a tsakiyar taro, ayar da Ibraniyawa 2:12 ta sa a bakin Yesu. Aya ta 24 ta ce Allah bai raina wahalar mai wahala ba, bai ɓoye masa fuska ba, da ya yi kuka ya ji shi. Daga nan waƙar ta yi ta faɗaɗa, matalauta za su ci su ƙoshi, dukan iyakar duniya za su juyo ga Ubangiji, har waɗanda ba a haifa ba tukuna za a ba su labari. Waƙar da ta fara da yasarwa a nan ta ƙare. Maganar Yesu ta ƙarshe a Luka 23:46, inda ya danƙa ruhunsa a hannun Uba, ita ma daga Zabura take, 31:5.

Yanzu a koma Zabura 91 a karanta ƙarshenta da wannan idon. A aya ta 15 Allah ya ce zai kasance tare da bawansa a cikin wahala, zai cece shi, ya girmama shi. "A cikin wahala" aka ce, wato surar da kanta ta san wahalar za ta zo. Bangaskiyar Kirista ita ce wannan alkawari ya cika a kan Yesu cif, amma ta cikin kabari ya bi, a rana ta uku. Shi ya sa bayan tashinsa, a Luka 24:44, ya ce lalle ne a cika duk abin da aka rubuta game da shi a Attaurar Musa da Annabawa da Zabura. Wanda ya fi kowa cancantar kariyar Zabura 91 shi ne ya sha ƙoƙon Zabura 22, kuma babu wadda ta ƙaryata 'yar'uwarta.

Almajiransa ma haka suka gani. A Ayyukan Manzanni sura 12 Hirudus ya kashe Yakubu da takobi, a surar nan kuma mala'ika ya fitar da Bitrus daga kurkuku sarƙoƙi suna zubewa. Manzanni biyu, ikkilisiya ɗaya, ba wanda ya isa ya ce Bitrus ya fi Yakubu bangaskiya. Bulus maciji ya sare shi a tsibirin Malta bai ji komai ba, shi ne kuma ya lissafa bulala arba'in ba ɗaya har sau biyar, da jirgin ruwa da ya farfashe da shi sau uku. A Romawa 8:36 ya jawo Zabura 44, mai cewa ana kashe mu dukan yini kamar tumakin yanka, kuma daga kan wannan ayar ce ya ɗora maganarsa cewa ba mutuwa ba rai da za su raba mu da ƙaunar Allah.

Zabura 150 ne a Littafin, kusan kashi ɗaya cikin uku kuwa na kuka ne da ƙorafi. Ta 88 ma ko juyawa ba ta yi ba, cikin duhu ta ƙare. Amma ka je addu'ar daren 31 ga Disamba ko ka shiga dajin Achimota inda masu addu'a ke taruwa, na kariya da na cin nasara kan maƙiya za ka fi ji. Ina ganin mun yi wa kanmu asara a nan. Mun bar mai makoki ba shi da kalmomin da zai faɗa wa Allah, sai ya ɗauka kukansa rashin bangaskiya ne, alhali Ubangijinsa da kansa ya yi irinsa a gaban jama'a.

Daga baya na je gidan Mma da yamma. Tana zaune a tsakar gida tana tsince gero a faifai. Na ce, "Mma, na zo da ragowar amsarki." Ta sa jikarta ta ɗauko Littafin daga ƙarƙashin matashi. Na buɗe baya kaɗan daga shafinta mai man ƙosai zuwa wani shafi fari fes da ba a taɓa ba, na karanta mata Zabura 22 tun daga farko. A wajen raba tufafi ta tsaya da tsintar geron, ta ce, "Wannan ai Yesu ne." Da na kai aya ta 24 ta ce in maimaita, na maimaita. Ta yi shiru, sannan ta ce wa yarinyar ta samo mata tsinken tsintsiya ta sa a wurin, don gobe ta ci gaba da karanta mata. Aka kira sallar magariba a masallacin bayan gida, ta miƙe ta je jiƙa geron kokon safe, Littafin kuma ya koma ƙarƙashin matashi da tsinken a cikinsa.